Gada Ɗaya Ta Karye, Rabin Lardi Ya Shiga Uku

Fitzroy Crossing wani ɗan gari ne a can ƙuryar dajin Ostireliya ta Yamma, kimanin kilomita 400 gabas da Broome. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, galibinsu kuwa 'yan asalin ƙasar ne, watau waɗanda Turawa suka tarar. Matafiyi ba ya tsayawa a nan sai don shan mai da cin abinci. Amma ta kan gadar garin ne hanyar kwalta tilo ta lardin Kimberley ta bi, ta nan ne kuma manyan motoci masu jan tirela uku suke wucewa da shanu da abinci.

Cikin watan Janairu na 2023, kogin Fitzroy ya cika har ya kai mita 15.8, ya karya gadar da aka gina tun 1974. Nan da nan hanya ta yanke. Direban da zai kai kaya Kununurra daga Perth sai ya kewaya ta Ostireliya ta Kudu, ya ƙara dubban kilomita. Kuɗin dako ya hau, kaya suka yi tsada, har sai da jiragen saman soja suka yi ta jigilar abinci.

Hukuma ba ta yi sanya ba. Ta fara sa jirgin fito da ƙaramar mahaya, sa'an nan ran 10 ga Disamba, 2023, aka buɗe sabuwar gada mai tsawon mita 270, kafin ma wa'adin da aka ɗiba ya cika. An kuma ɗauki 'yan garin aiki, abin da ya rage musu zafin asara.

Fatake da direbobin da ke safara tsakanin Arewa da Ikko ba baƙin wannan labari ba ne. Sun ga yadda gadar Tatabu ta faɗi a hanyar Mokwa zuwa Jebba a 2017, da yadda ruwa ya datse Lakwaja a 2022.

Saurin gyara abin yabo ne, amma bai kawar da ainihin cutar ba. Har yanzu hanyar kwaltan ɗaya ce. Duk ƙasar da abincinta ya rataya a kan gada guda, to damina ce ke yanka mata farashi.