Maganin matsuwar fitsari da bayanin da ba a yi wa mai sha

Ma'aikacin da fitsari ke matsa masa sau goma kafin a tashi daga ofis ba kasafai yake kai kukansa ga likita ba. Yakan zaɓi kujerar bakin ƙofa a zauren taro, ya ƙaurace wa ruwa kafin ya shiga cunkoson Nyanya ko Kubwa, ya yi ta sabunta alwala. Idan abin ya ishe shi, sai abokin aiki ya raɗa masa sunan wata ƙwaya, ya biya kemis ya saya.

Magungunan da aka fi bayarwa, wato oxybutynin da tolterodine da solifenacin, suna kwantar da tsokar mafitsara ne ta hanyar toshe wani saƙo na jijiyoyi. Sai dai saƙon nan shi ne kuma ke sa yawu ya zubo, hanji ya motsa, gumi ya tsatsafo. Shi ya sa mai sha kan wayi gari da bushewar baki da taurin bayan gida da gani dishi-dishi, wani lokaci har da gyangyaɗi. Ga direban da ke bin ayarin minista, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Raguwar gumi kuwa a zafin watan Maris, balle ga mai azumi, tana iya kai mutum ƙasa.

Dattawa su ne abin ji. Ƙwayoyin kan jawo musu ruɗewa da mantuwa, iyali su ɗauka tsufa ne ya zo. Wani bincike na Jami'ar Nottingham a Ingila, da aka buga a 2019, ya gano alaƙa tsakanin daɗewa ana shan irinsu da cutar mantuwa. Alaƙa ce, ba tabbacin sanadi ba, amma ta isa a yi hattara, musamman ga wanda ke haɗawa da Piriton, domin illolinsu kan taru. Namiji mai kumburin furostet kuma fitsarin na iya tsaya masa cak, sai an sa masa roba. Mirabegron, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, bai cika busar da baki ba, amma yana iya ɗaga hawan jini.

Ba a ce a guji maganin ba. Ya dawo wa mutane da yawa da barcin dare da mutuncinsu. Laifin yana ga likitan da ya rubuta cikin gaggawa da mai kemis da ya miƙa ba tambaya. Yawan fitsari kan zama alamar ciwon suga, ko ciwon sanyi, ko aikin maganin hawan jini mai sa fitsari, ko ma shayi da kofin da ake ta zubawa a taro. Kamata ya yi asibitocin da ke karɓar ma'aikata ƙarƙashin inshorar NHIA su auna suga da fitsari tukuna, su nemi ganin duk ƙwayoyin da mutum ke sha, sannan su sa masa ranar dawowa bayan 'yan makonni.