Injin da ba ya ganin ƙafarsa

Ƙaramin injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC, yana tafiya ne a kan layuka uku: X na hagu da dama, Y na gaba da baya, Z na sama da ƙasa. Duk ƙofar katako mai zane, ko allon suna na tagulla, ko ɗan ƙarfen da ya fito daidai da awo, sakamakon tafiyar waɗannan layuka ne cikin jituwa. Idan ɗaya ya cije, ko ya yi gurnani bai motsa ba, ko ya tafi amma bai kai inda aka aike shi ba, aikin yini ya lalace tare da kayan da aka saya da tsada. Abin da yawancin masu injin ke yi a wannan hali shi ne zargin lantarki, su aika a sayo sabon allo ko sabon moto. Wannan ɗabi'a tana cin kuɗi da makonni, kuma sau da yawa tana barin cutar a inda take.

Dalilin yana cikin yadda aka gina injin. Mafi yawan ƙananan CNC suna amfani da wani moton lantarki mai juyawa taku-taku. Wanda aka fi samu yana juya digiri 1.8 a kowane taku, wato taku 200 ne ke cika zagaye guda. Kwamfuta tana aika bugun lantarki, wani ɗan allo da masu sana'ar ke kira direba ya mayar da kowane bugu taku, moton ya juya doguwar sanda mai tiredi, sandar ta tura teburin. Babu wani abu a wannan jeri da ke komawa ya shaida wa kwamfuta cewa teburin ya isa. Ita dai lissafin abin da ta aika take yi. Idan ta aika taku dubu, moton ya cije ya yi ɗari tara, allon kallo zai ci gaba da nuna cewa komai lafiya. Saboda haka lambar da ke kan allo shaida ce ta niyya kawai, kuma mai gyaran da ya kafa bincikensa a kanta ya fara da ƙafar hagu.

Shaidar gaskiya tana jikin abin da aka sassaƙa, kuma kuskuren yakan zo da kama uku da ba su da wuyar bambancewa ga mai ruler da haƙuri. Akwai kuskuren da ke girma daidai da tsawon tafiya: an ce a je milimita 100 an je 50, an ce 200 an je 100. Wannan lissafi ne ya karkace. A ɗauki sandar da ake kira SFU1605, wadda ke tura tebur milimita 5 a kowane zagaye. Idan an saita direba ya raba kowane taku gida takwas, zagaye guda zai ci bugu 1600, milimita ɗaya ke nan bugu 320. Idan wani ya taɓa ƙananan makunnan da ke jikin direban ya mayar da rabon gida goma sha shida, manhaja kuma tana nan a kan 320, layin zai riƙa yin rabin tafiya kullum, ba tare da komai ya lalace ba. A manhajar GRBL, wadda ke tuƙa injuna da yawa ta kan allon Arduino, waɗannan lambobi suna zaune a $100 da $101 da $102. Gyaransu bai kai minti biyu ba.

Kama ta biyu ita ce kuskuren da ba ya girma ba ya raguwa, kuma ba ya bayyana sai layin ya juya baya. Wannan wasa ne tsakanin sanda da notinta, ko a boris ɗin da ke riƙe bakin sandar. Moton yana juyawa kaɗan kafin teburin ya ji. Alamarsa ta fi fitowa a da'ira: maimakon ta rufe sumul, sai a ga ɗan tudu ko ɗan baje a wurare huɗun da layuka ke sauya alkibla. Agogon awo da aka ɗora a jikin tebur zai nuna girman wasan a take.

Kama ta uku ce ke hana mutane barci, domin ba ta da tsari. Aiki ya fara lafiya, a tsakiya sai zane ya goce gefe, ya ci gaba a gocen har ƙarshe. Gobe a sake aikin, ya goce a wani wurin daban. Moton ne ya zubar da taku, kuma a nan ne aka fi gaggawar yanke masa hukunci. Amma moto ba ya zubar da taku sai nauyin da ke kansa ya fi ƙarfinsa a wannan lokacin, don haka tambaya biyu ce a gaba: me ya ƙara nauyin, ko me ya rage ƙarfin?

Ta farko hannu ne ke amsa ta. A kashe injin, a juya sandar da yatsu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Inda ta yi tauri, nan matsalar take. Garin katako da ya haɗu da giris yana daskarewa a cikin tiredi kamar tuwon jiya, kuma a ƙasar da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, shagon da ke buɗe bakin titi a Kano ko Maraɗi yana tara wannan dauɗa da sauri fiye da yadda littafin injin ya yi tsammani. A injunan sassaƙar ƙarfe masu tebur mai zamewa, ɗan sirin ƙarfen da ake ɗaurewa don hana tebur girgiza yakan cije layin idan an matse shi fiye da kima. Sai kuma mahaɗin da ke tsakanin moto da sanda, wanda ƙananan sukurori ke riƙewa. Idan suka saki, moton zai juya lafiya lau, sandar ta bi shi wani lokaci ta ƙi wani lokaci. Gwajinsa abin dariya ne saboda sauƙi: a ja layi da alƙalami ya ratsa bakin moto da mahaɗi da sanda, a kunna aiki, a dawo a duba ko layin ya rabu.

Tambaya ta biyu tana buƙatar a san halin wannan moto, wanda ya saɓa wa abin da mutum zai zata. Ƙarfin murɗarsa yana raguwa ne yayin da gudunsa ke ƙaruwa, domin wutar ba ta samun lokacin cika naɗin wayarsa kafin taku na gaba ya zo. Shi ya sa injin kan yi yanka a hankali ba matsala, sai ya tashi tafiyar gudu ta umarnin G0, inda ba ya yankan komai, ya yi ƙara ya tsaya. Mai injin ya ce abin mamaki, alhali nan ne moton ya fi rauni. Rage iyakar gudu da saurin ɗaukar gudu da rabi, a $110 zuwa $112 da $120 zuwa $122, gwaji ne na kyauta. Idan matsalar ta ɓace, an gano bakin zaren. Zafi ma yana da nasa rabo: direbobi irin A4988 da DRV8825 suna yanke wuta da kansu idan suka yi zafi da yawa, su dawo idan sun huce. Injin da ke aiki lafiya da safe ya fara gocewa da azahar a watan Afrilu, fanka yake nema.

Idan hannu da saiti ba su nuna komai ba, sai a zo ga musaya. A kashe wuta gaba ɗaya tukuna, domin cire wayar moto alhali direba na da wuta yana iya ƙona direban nan take. A ɗauki wayar moton X a sa a direban Y, ta Y a sa a na X. Idan ciwon ya tsaya a layin da yake, laifin yana cikin moto ko waya ko ƙarfen. Idan ya yi ƙaura, direba ne ko allon da ke ba shi umarni. Da wannan gwaji ɗaya an raba injin biyu. Waya kuwa ta cancanci zargi fiye da yadda ake yi mata, musamman wadda ke lanƙwasa sau dubbai a yini tare da tafiyar layi. Moton yana da naɗi biyu da wayoyi huɗu. Idan ɗaya ta karye a cikin roba, zai riƙa rawa a wuri guda ko ya juya inda ya ga dama, kuma yakan yi hakan ne a daidai wurin da wayar ke lanƙwasa kaɗai.

Akwai kuma tsayawar da ba ta da alaƙa da moto sam. Na'urar da ke sarrafa gudun kan yanka tana fitar da hayaniyar lantarki, wayar makunnin iyaka ta ɗauke ta kamar eriya, GRBL ya ɗauka tebur ya kai bango ya tsayar da komai da ALARM:1. Shagon da ke aiki da janareta ba tare da wayar ƙasa ta kirki ba ya fi fuskantar wannan. Maganin shi ne raba hanyar wayoyin wuta da na umarni, amfani da waya mai rigar kariya, da dasa sandar ƙasa ta gaske.

Mai shago zai iya cewa lokacinsa ya fi kuɗin direba tsada, gara ya sauya ya huta. Da kayan suna kan kanta a bakin titi, da maganarsa ta yi nauyi. Amma mafi yawansu daga China ake odarsu, da dala, a jira makonni, kuma sabon direban da aka ɗora a kan karyayyiyar waya yana iya bin na farko. Wani kuma zai ce a sayi moto mai na'urar ƙirga juyi a bayansa, wanda ke gyara takunsa ko ya ɗaga ƙararrawa idan ya kasa. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ga mai yanka kaya masu tsada ya cancanci kuɗinsa. Sai dai na'urar tana ƙirga juyin moton ne, ba tafiyar tebur ba. Sukurin mahaɗi da ya saki, ko notin da ya cinye, suna gaba da inda idonta ke kaiwa, kuma za ta ba da rahoton lafiya yayin da zanen ke gocewa a kan katako.