Makokin Kirista da bashin da ke kan hukuma

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Ƙonni ya nufi Madawa ya san Galmi da abu biyu: albasa da gidan likita. Ƴan mishan na SIM ne suka buɗe asibitin a 1950, kuma tun daga lokacin majinyata ke kwararowa daga Malbaza da Illela, har da ƙetaren iyaka daga ƙasar Sakkwato. Galibinsu Musulmi ne. Kiristan wannan yanki ƴan kaɗan ne, kamar yadda suke a Nijar baki ɗaya, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma ba baƙi ba ne. Hausawa ne masu noman albasa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya.

Waɗannan mutane ne suka kasa kunne ga rediyo ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, suka ji an cinna wa majami'u wuta a Damagaram, kashegari kuma a Yamai. Dalilin da aka bayar shi ne zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, da zuwan Shugaba Isufu Mahamadu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, gangamin birnin Paris ranar 11 ga watan. Mutum 10 suka rasu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙone. Babu Kiristan Nijar ko ɗaya da ya riƙe alƙalamin da aka yi zanen nan da shi. Fushi da wani ne aka sauke a kan maƙwabci, don shi ne hannu ya kai.

Shugabannin majami'u sun yi kira ga mabiyansu da su yafe, kada su rama. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin tsoron marar ƙarfi. Kuskure ne. A aƙidar Kirista akwai abin da suke kira bege, wato sakankancewa da cewa mutuwa ba ita ce ƙarshen magana ba, akwai tashin matattu, akwai ranar da za a yi wa kowa hukunci. Begen nan bai hana kuka ba. Linjila da kanta ta ba da labarin Yesu yana zubar da hawaye a bakin kabarin amininsa Li'azaru. Musulmin da ya san ladan haƙuri, ya kuma yi imani da ranar hisabi, bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda yafiyar ta yi wa ƴan siyasa daɗi. Gwamnati ta ware kwana uku na zaman makoki, aka sauke tuta, sannan masu mulki da ƴan adawa suka koma nuna wa juna yatsa kan wanda ya ingiza matasa. Alhali kuwa wanda aka zalunta haƙƙinsa na kansa kaɗai yake iya yafewa. Ba shi da ikon yafe wa ƙasa aikinta. Bincike, shari'a da diyya nauyi ne na hukuma, kuma a tsarin mulkin 1992, wanda ya biyo bayan Taron Ƙasa na 1991, an rubuta cewa jamhuriya ba ta bambanta ƴaƴanta saboda addini.

Abin da ba a yi maganinsa ba yakan dawo. A watan Yuni na 2019 an sake ƙone wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani limami, lamarin da ko kusa bai shafi Kirista ba. Haka kuma ranar 21 ga Maris 2021, sa'ad da ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, cikin jihar Tawa ɗin nan, sai ga sanarwar da aka saba ji: kwana uku na makoki. Wannan karon Musulmi ne ke binne nasu.

Ma'aikacin gwamnati a Ƙonni ko Malbaza ba shi da ikon gyara Yamai. Amma ya san hanyar gidan fasto kamar yadda ya san ta gidan liman, kuma ran da aka yi wa majami'a rashi, babu dokar da ta hana shi cire takalmi ya zauna a tabarmar ta'aziyya.