Sharhi: Gyaran da Babu Wanda Ya Nema



Ranar 8 ga Maris, 2023, da misalin ƙarfe 6 na safe agogon GMT, wato ƙarfe 7 agogon Najeriya da Nijar, dubban kwamfutocin kamfanin Datadog na birnin New York suka yanke hulɗa da duniya kusan lokaci guda. Ba kutse aka yi musu ba, wuta ma ba ta ɗauke ba. Gyara ne ya zo musu.

Datadog fa sana'arsa gadi: shi ke sa ido kan na'urorin wasu kamfanoni, ya buga musu ƙararrawa in wani abu ya lalace. Ran nan mai gadin ne da kansa ya faɗi.

Kamfanoni irinsa ba kasafai suke ajiye manyan kwamfutoci a ofis ba. Hayarsu suke yi a rumbunan Amazon da Google da Microsoft. Kowace manhaja sai a ɗaure ta da duk kayan aikinta cikin abin da injiniyoyi ke kira kwantena, tamkar dai kwantenar da ke sauka a tashar jiragen ruwa a kulle. Ƙa'idar ita ce ba a buɗe ta a hanya. In ana son canji, sai a haɗa sabuwa, a gwada ta, sannan a sauke tsohuwar.

To amma kwantena ba a iska take zaune ba. A ƙarƙashinta akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, a wannan karon Ubuntu 22.04, wadda ke da wani ɗan aike mai tashi da kansa ya ɗebo gyaran tsaro ya liƙa ba tare da ya yi sallama ba. An bar shi a kunne. Da safiyar nan ya sabunta wani sashe mai suna systemd, sashen ya sake tashi, ya share hanyoyin sadarwar da manhajar Cilium ta shimfiɗa wa kwantenonin. Garin neman gira aka rasa ido. Datadog ya raba kayansa a yankuna 5 don kada gobara guda ta cinye su, sai dai agogon ɗan aiken iri ɗaya ne ko'ina. An kwana ana aikin farfaɗowa, asarar kuma ta kai kimanin dala miliyan 5.

Wani zai ce ai shi ke nan, a kashe sabuntawa kowa ya huta. A'a. Na'urar da aka daina toshe wa ɓaraka gida ne ba ƙyaure. Abin da nake ƙi shi ne gyara ya shigo ba da sanin mai gida ba, ya hau kan kowace na'ura a sa'a guda, babu wadda aka fara ɗanɗana shi a kanta.

Kuma ba a daddara ba. Ranar 10 ga Yuni, 2025, kamfanin Heroku, mallakin Salesforce, ya faɗa rami irin wannan: sabuntawar da ya kamata a ce tana kashe ta tashi, ta katse hanyoyin sadarwa, manhajojin abokan cinikinsa suka yi tsit sa'o'i da dama. Masu neman bayani suka garzaya shafin da kamfanin ke sanar da matsala. Shi ma abin ya rutsa da shi.