An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gardamar Kindle Da Kobo

Akwai wata gardama da ta kunno kai tsakaninmu a 'yan kwanakin nan, wato gardamar wace ce ta fi a cikin na'urorin karanta littattafan lantarki. Wannan ya ce Kindle, wancan ya ce Kobo, a yi ta kai ruwa rana kamar ana musun ƙwallo. In ka kasa kunne da kyau, sai ka ji duk hujjojin ba su wuce hasken fuska da daɗewar batir da rashin nauyi a hannu ba. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamaci mai ilmi ya fara yi ita ce: littafin da na biya kuɗi na zuba a cikin abin nan, nawa ne ko na mai kanti?

Bari mu fara kawar da ƙananan batutuwa. Kamfanin Amazon na Amurka ya fito da Kindle a shekarar 2007. Kobo kuwa daga Kanada ta fito a 2010, kafin kamfanin Rakuten na Japan ya saye ta a 2012. Akwai kuma Nook ta kantin littattafai na Barnes & Noble, da PocketBook, da wasunsu. Kusan dukkansu fuska iri ɗaya suke amfani da ita, wadda kamfanin E Ink yake ƙerawa, mai kama da takarda, wadda ake karantawa ko a tsakar rana, kuma ba ta cin wuta sosai sai lokacin juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya yake kai mutum makonni, abin da kowane ɗalibin da ya san halin wutar lantarkinmu zai yi marhabin da shi. To, tun da a wannan fanni duk kanwar ja ce, mene ne na tayar da jijiyar wuya a kansa?

Inda gizo yake saƙar shi ne wani kwaɗo da ake garƙama wa yawancin littattafan da manyan kantunan nan suke sayarwa, wanda ake kira DRM. Ma'anarsa a taƙaice, littafin ba zai buɗu ba sai a na'urar da mai kanti ya yarda da ita, da asusun da ya sani. Kai kana ganin ka sayi littafi, alhali kuwa izinin karantawa kawai aka sayar maka, kuma mai ba da izini yana iya janye abinsa. Kada wani ya ce sharri nake yi musu. A shekarar 2024 sai da jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka cewa mai sayar da irin wannan kaya ya fito fili ya gaya wa mai saye cewa lasisi ne yake karɓa. Da babu rami, me zai kawo maganar rami?

Ga misalai, domin gani ya kori ji. A watan Yuli na 2009, wasu masu Kindle suka wayi gari suka tarar an shiga na'urorinsu daga nesa an share musu littattafai biyu na George Orwell, wato 1984 da Animal Farm, wanda mu ɗaliban Hausa muka sani da Gandun Dabbobi ta hanyar fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta 1975. Dalilin da aka bayar shi ne wanda ya ɗora littattafan a kantin ba shi da haƙƙin sayar da su. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos ya nemi gafara, amma sai da wani ɗan makarantar sakandare ya kai ƙara kotu, domin sharhin da ya rubuta na aikin aji ya tashi a banza tun da littafin da yake yi wa sharhin ya ɓace. Ku dubi wannan da idon basira. Wane mai sayar da littafi ne a Kasuwar Kurmi ko Sabon Garin Zariya zai haura maka katanga da dare ya ɗauke littafin da ka saya, ya ajiye maka kuɗinka a kan tabarma, sa'an nan a ce ciniki ne?

Ba kuma Amazon kaɗai ba ne. Kamfanin Sony, wanda ya riga Kindle fitowa da irin wannan na'ura, ya rufe kantinsa na littattafai a 2014, ya miƙa masu sayensa ga Kobo. Nook ta janye daga Ingila a 2016. Microsoft kuwa da ya rufe nasa kantin a 2019, littattafan da mutane suka saya daina buɗuwa suka yi ɗungurungum, sai kuɗi aka mayar musu. A ranar 26 ga Fabrairu 2025 kuma Amazon ya cire hanyar da mai saye yake bi ya sauke littafinsa a kwamfuta ya zuba a Kindle ta igiyar USB. A nan gida ma mun ga namu. Dandalin OkadaBooks, inda marubutanmu na Hausa da dama suka riƙa sayar da ƙagaggun labaransu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu ku gwada wannan da al'adarmu ta karatu. Littafi guda na Gaskiya ko na NNPC yakan zaga gida, wa ya karanta ya ba ƙane, ƙane ya ba maƙwabci, har bango ya yage a ɗinke. Adabin Kasuwar Kano bai bunƙasa ba sai da aro da haya, musamman a tsakanin mata a cikin gidaje. Mu kanmu a nan, sau nawa littafi ɗaya yake ciyar da aji guda? Na'urar da za ta hana aro, ta hana kyauta, ta hana gado, ta zo ne ta rage yawan masu karatu a inda dama ba su wadata ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ganin ya dace, kuma tambayoyi uku ne. Ta farko: zan iya zuba littafina a ciki ba tare da neman iznin kowa ba? Tsarin da yawancin duniya ta yarda da shi shi ne EPUB. Kobo da PocketBook suna buɗe shi kai tsaye, ka haɗa da kwamfuta ka kwafa, shi ke nan. Kindle ba ta buɗe shi haka, ko da yake tun 2022 kana iya aika shi ta hanyar Amazon su juya maka shi zuwa nasu tsarin. Ta biyu: abin da na saya, zan iya fitar da shi in ajiye a wani wuri, ya buɗu a na'urar wani kamfani ranar da wannan ta lalace? Ta uku ta shafe mu kai tsaye: tana nuna ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata? Ba kowane zubin haruffa ne yake ɗauke da masu lanƙwasa ba, kuma in babu su ƙafa da kafa sun zama ɗaya, ɓata da bata ba bambanci. Kindle da Kobo duk suna karɓar ƙarin haruffa irin su Charis da Andika da Noto, waɗanda kyauta ne kuma suna da haruffanmu, amma a gwada da rubutun Hausa kafin a biya kuɗi.

Bisa wannan ma'auni, ni dai ina bayan Kobo da ire-irenta, kuma ban ɓoye ba. Amma kada magoya bayanta su yi saurin guɗa, domin ita ma kantinta cike yake da littattafai masu kwaɗo, na kamfanin Adobe. Abin da ta fi da shi kawai shi ne ƙofarta ta fi faɗi, shiga da fita. Wanda kuma ya riga ya mallaki Kindle, ko ita ya samu da araha ta hannu, ban ce ya jefar ba. Ya dai ajiye kwafen duk abin da yake nasa a kwamfuta, da manhajar Calibre wadda ba a biyan ko kwabo a kanta. Wanda kuwa yawancin karatunsa takardun PDF ne na malamai, ya sani fuska mai inci 6 wahalar da shi za ta yi, ko ta wane kamfani ce.

Na san za a ce mini, to haƙƙin marubuci fa? In an cire kwaɗo ai ɓarayin zaune za su wawashe gumin mutane. Wannan magana tana da nauyi, domin kowa ya san yadda ake yawo da littattafan marubutanmu a WhatsApp ba tare da sun ga sisi ba. Sai dai kwaɗon nan bai taɓa hana ɓarawo ba, mai gaskiyan da ya biya kuɗi shi yake takurawa. Kamfanin ɗab'i na Tor ya cire kwaɗo daga littattafansa tun 2012, kuma bai daina buga littattafai ba. Maganin sata shi ne farashi mai sauƙi, da hanyar biya da naira wadda ɗalibi zai iya, da tarbiyyar jin kunyar cin haƙƙin wani.

Daga ƙarshe ina kira ga wannan ƙungiya tamu da sashenmu. Kantunan Amurka da Kanada ba don Bahaushe aka gina su ba, kuma ba su ne za su tattara mana adabinmu ba. Mu fara da abin da yake hannunmu: wannan mujalla, da waƙoƙi da wasannin kwaikwayon 'yan ƙungiya, da kundayen da masu su suka yarda, a shirya su a tsarin EPUB da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, ba kwaɗo, a ajiye kwafe a laburare. Malamanmu kuma su taimaka da nasu rubuce-rubucen. In mun yi haka, kowace na'ura mutum ya riƙe, ko da wayar hannu ce, zai sami abin karantawa da harshensa, kuma ba mai shiga aljihunsa daga wata uwa duniya ya share masa. In ba mu yi ba, to mu ci gaba da musun batir.