Wa Ya Yi Wa Yaron Allura?

A Gwangwan, kamar sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji sunansa likita. Idan mace ce, nas. Ba ma tambayar ina ya yi karatu, ba ma tambayar wa ya ba shi izini. Mu miƙa hannu, ko mu kwantar da yaro a cinya mu danne. In an dace mu ce hannunsa na da kyau, in ƙafar yaron ta shanye bayan allurar ɗuwawu mu ce ƙaddara ce, mu tashi mu kaɗe riga. Mun ga irin wannan a danginmu. Har yau babu mai iya faɗin sunan ruwan da aka ɗura wa yaron, domin babu wanda ya rubuta.

Mu da sana'armu ta zama rubuta manhajar kwamfuta, wannan ne ke ci mana rai. A wurin aikinmu, layi ɗaya in mutum ya sauya, na'ura za ta ajiye sunansa da rana da minti. Kuma ba kowa ake bai wa damar taɓa kowane sashe ba. Duk wannan tsantseni a kan kuɗin mutane da hotunansu ne. Jikin ɗan Adam kuwa, da ba a sake shi in ya lalace, an bar shi ga duk wanda ya iya sayen riga a kasuwa.

Ba dokoki ne babu ba. Tun 1979 akwai hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista a Najeriya, kuma ba ta san da zaman wanda ya koyi aiki ta hanyar kallo a asibitin kuɗi ba, ko da ya shekara goma yana yi. Ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocinmu, su ma suna da tasu hukumar tun 1992, da kundin umarnin da ya fayyace abin da za su yi da inda za su tsaya su tura marar lafiya gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da cewa dole a yi wa marar lafiya bayanin ciwonsa da maganinsa a harshen da yake ji, dole a ajiye bayanansa a rubuce, kuma dole a riƙe sirrinsa. Sashe na 20 ya hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Mataimaki mai wanke ciwo da juya marar lafiya a gado yana cikin wannan doka tsundum.

Mun san abin da za a ce mana: da babu gara ba daɗi. Ku kuna birni kuna latsa kwamfuta, kun san yadda ake ɗauko mai naƙuda da daminar Agusta? Mun sani. Mun san cewa ga mutumin Rogo, Zariya ta fi birnin Kano kusa, kuma ko Shika ko asibitin Murtala, kafin a kai sai an sha wuya. Mun san malaman asibitin da ke kwana su kaɗai da fitilar waya. Gwamnatin tarayya ma ta san da ƙarancin, shi ya sa a 2014 ta fito da tsarin sauke wasu ayyukan manya a kan ƙananan ma'aikata. Amma tsarin ya zo da sharaɗi: a horar da su, a riƙa duba aikinsu. Aikin an sauke. Horon da sa idon fa? Wanda ya bar leburan asibiti yana saka ƙarin ruwa saboda shi ya tafi gona ko nasa kemis, shi ne farkon wanda ya kamata ya amsa tambaya, sai kuma wanda ya tura mutum ɗaya ya riƙe asibitin da ke buƙatar biyar.

Sai dai wannan bai wanke mataimaki ba. Akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Cewa "Baba, wannan ya fi ƙarfina, ku wuce gaba" ba ya cin ko kwabo, sai dai ya ci girman da ake ba shi a gari, kuma a nan gizo ke saƙar. Wanda aka saba kira likita a majalisa da wuya ya furta cewa bai sani ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa manyan asibitoci a makare, kwana uku suka yi ana gwada musu allurai a gida.

Maganar sirri ta fi muni, domin ko laifi ba ma ɗaukar ta. A garin da kowa ya san kakan kowa, yarinya ta je gwaji da hantsi, kafin la'asar an ji a gidan biki. Wani ya ɗauki hoton ciwon marar lafiya ya watsa a WhatsApp wai neman addu'a. Bari mu faɗa muku a matsayinmu na masu wannan sana'a: hoton da ya fita ba ya dawowa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, amma tun kafin ita an san amana. Aure ya mutu a kan irin wannan sakin baki, kuma mutane na ƙin zuwa gwajin tarin fuka da na ciwon hanta don tsoron bakin ma'aikaci, su zauna suna yaɗa wa iyalinsu.

Kanawa ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma jigon ƙarar da ta biyo baya shi ne ko an sanar da iyaye abin da ake ba 'ya'yansu. Mun yi ihu don kamfanin na Amurka ne. Ɗan unguwarmu kuwa ya yi wa ɗanmu allura bai gaya mana sunanta ba, mu ce a rufa asiri. Alhali malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya yi magani ba da sani ba, ya ɓata, biyan ɓarnar na wuyansa.

Jihar Kano na da PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi, da hukumar kula da lafiya matakin farko. Muna so motocinsu su riƙa wuce Karaye su iso Gwangwan ba tare da sanarwa ba. Muna so a liƙa sunan kowane ma'aikaci da matsayinsa da Hausa a bangon asibiti, a kuma rubuta sunan kowace allura da wanda ya yi ta a katin marar lafiya, katin da zai tafi da shi gida.