Lambun Uwargida: Ban Ruwa Da Rufe Gindin Shuka

Wata ɗalibata a Islamiyya ta kawo mini kuka: tumatirin da ta shuka a bayan ɗaki yana tsagewa, ƙasan 'ya'yan yana baƙi, ga ruwa da tsada.

Uwargida, sau da yawa rashin ƙa'idar ban ruwa ke jawo haka. Yau ki bar shi da ƙishi, gobe ki malala masa bokiti uku. Ƙasarmu ta Gaya da Ajingi yawancinta jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Ki tsayar da lokaci guda, bayan sallar asuba. In bazara ta tsananta, ki ƙara bayan la'asar. Kafin ki zuba, ki cusa yatsa a ƙasa; in da danshi, ki dakata. A gindi ake zubawa, ba kan ganye ba.

Sannan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku, kamar yadda ake yi wa sitiroberi a Jos. Kada rufin ya taɓa karan, saboda gara da ruɓewa. Ƙasa za ta yi sanyi, danshi ya daɗe.

Ruwan alwalar gidanki ma ki tara a roba. Addini ya hana almubazzaranci. Allah Ya sa albarka.